Taya Ba Ta Ƙarya

Littafin kod, kwana tara na haddace shi.
Mai kusurwa uku da jan baki: hattara.
Da'ira shuɗiya: umarni.
Babu allon da ya taɓa faɗa mini abu
alhali wani abin yake nufi.

Likita a Lamorde ta raɗa wa halina suna, otizim.
Inna ta gyara mayafi ta ce,
"Nomau dai ba ya kallon ido,
amma allura ba ta ɓata a ɗakin da yake."

Na samu permi ranar Talata.
Ranar Laraba na gane
Yamai ba da alluna ake tuƙi cikinta ba.
Da gira ake yi, da haɓa,
da yatsa biyu da aka leƙo ta taga.

A shataletalen Wadata
ɗan kabu-kabu ya ɗaga mini kai.
Wuce ne? Dakata ne?
Ko gaisuwa ce, ya san babana?
Kafin in gama lissafi
mota shida sun taru a ƙeyata,
kowane oda ƙusa ne a dodon kunne.
Fitila ta ce ja, hannun ɗan sanda ya ce zo,
ni kuwa na ƙame tsakanin gaskiya biyu
har gumi ya jiƙa sitiyari.

Na koma wurin Malam Barmu na oto-ekol.
Ya daɗe yana ɓare goro bai tanka ba.
Can ya ce, "Bar fuska.
Fuska kasuwa ce, kullum ana ciniki.
Dubi tayar gaba.
Inda ta karkata, can mai ita za shi,
ko da bakinsa ya rantse da akasin haka.
Mai tafiya a ƙasa kuma, dubi dugadugansa."

To, na sauke ido, inda dama can yake son zama.
Birni ya koma tayu da ƙafafu.
Tayar taksi takan yi shawara kafin direba ya sani.
Amalanken jaki ba ya sauya magana.
Tsohuwar da za ta tsallaka
sai ta fara matsa ƙafar hagu kamar mai auna ruwan gulbi.

Wata Alhamis, bakin Katako, bayan la'asar,
babbar motar albasa ta tsaya ta cinye rabin hanya.
Ta ƙarƙashinta, tsakanin taya da taya,
na hango silifa biyu kore,
ƙanana,
dunduniya ɗaya a sama.

Na taka birki.
Gabana babu kowa.
Mai taksin baya ya zagi wanda ya ba ni permi.

Ɗaya. Biyu.

Yarinya ta ɓullo a guje, ledar ƙanƙara a hannu,
ta ratsa daidai inda ƙarfena zai kasance.

Wata mai tuyar doya ta yar da matsami ta cafke ta,
sannan ta juyo ta dube ni.
Baki a buɗe, tafi a ƙirji, gira a haɗe.
Ta daɗe.
Fushi ne? Godiya ce?
Na duba ƙafafunta, ba su nufi ko'ina ba.

Da dare na zana fuskar a bayan littafin kod
na kai wa yayata Habsu ta karanta mini.
Ta juya takardar sama da ƙasa,
ta ce zanen ya yi kama da kowa.

Har yau ba na hawa gada da magariba,
ba na tuƙi in an taso daga Juma'a,
hannuwa sun yi yawa, kowanne da yarensa.
Gilas a rufe, rediyo a kashe,
nakan bar wa na gabana tazarar raƙumi biyu,
'yan kabu-kabu su cike ta,
in sake barin wata.